Igiyoyin Gabas na Rumfar Leda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Daga mahaifinka Malam Hammadu, tsohon direban ma'aikata, unguwar Alkalawa, Jimeta, zuwa ga ɗana na fari Abubakar, a Namtari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da matarka Aisatu da ɗanku takwarana. Ina fata kun sauka lafiya, ƙasar ta karɓe ku, ruwan rijiyar can bai ɓata wa yaron ciki ba. Allah Ya tsare ku daga sharrin abin da ke tafiya a ƙasa da abin da ke saukowa daga sama. Mu nan sai godiya. Ba labarin gida zan ba ka ba. Gida yana nan yadda ka bar shi, sai dai ya yi mana faɗi.

Ka ga na rubuta sunanka. Shekara talatin da ɗaya ke nan bakina bai furta shi ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya kallon idonsa ya yi masa magana. Haka na taso na tarar, haka na yi maka. In ina son ka ba ni buta, kana tsaye a gabana, sai in juya wajen ƙaninka Manu in ce ya ce wa wancan ya kawo buta. Kai ma in kana da magana, ta bakin Manu take zuwa. Mu semteende muke ce mata, Hausawa su ce kunya. To takarda ba ta da ido, shi ya sa na biyo ta cikinta.

Yau kwana goma sha biyu da ka ɗora katifa da tukwane da kwalayen sabuwar rumfar leda a bayan mota ka tafi. Daga bakin zaure ka yi sallama, ba ka shigo ba. Na ji ka. Na amsa a maƙogwaro yadda ko ni ban ji kaina ba. Na san ba filin Namtari ne ya kira ka ba, don shekara uku filin yana jiranka ba ka motsa ba. Maganar da na faɗa maka ranar da rumfar gidan nan ta faɗi, ita ce ta fitar da kai. Zan zo kanta, amma ba zan iya farawa da ita ba. Bari in fara da ƙananan kurakuraina, tunda rumfa za ka kafa, da tumatirin cikinta za ka ci da iyalinka, iskar ƙarshen damina kuwa tana nan tafe, ba ta kuma san sabon shiga ba.

Ka tuna shekara huɗu baya, ranar da muka kawo ta gidan nan daga kasuwar Jimeta. Kwali biyu ne kawai. Na ɗaga ɗaya da hannu guda, na tambayi mai shagon ko ya manta bai sa kayan a ciki ba. Ƙarafuna ne sirara an lanƙwasa su kamar baka, sai leda, sai raga, sai waɗansu 'yan turaku da ba su fi taƙi ɗaya ba. Da takarda mai hoto, wata baturiya tana murmushi a cikin rumfar, ko ganye ɗaya ba ya motsi a bayanta. Ka aiko Manu ya ce mini turakun nan na ƙasar da iska take da ladabi ne, a haƙa rami a zuba siminti. Na ce ya ce maka wanda ya ƙera abu ya fi wanda ya karanta shi a kwalejin gona saninsa. Muka buga turaku. Hadarin farko na shekarar, bayan la'asar, ina zaune a ƙofar ɗaki, na ga rumfata ta miƙe tsaye, ta haura katanga, ta sauka a gidan maƙwabcinmu Malam Yohanna, a kan shanyar matarsa. Shi da 'ya'yansa suka ɗauko ta suka zagayo da ita ta ƙofa, a hankali, kamar masu ɗauke da makara.

To ka ji. Abin da ya zo da arha, da ƙarfinka za ka cika sauransa. Turakun kwali ka ba Aisatu ta ɗaure kaji da su. Kowace ƙafa ka haƙa mata rami kamu ɗaya, ka kafa guntun bututu mai kauri, ka zuba siminti da tsakuwa, ka bar shi kwana uku ya kama kafin ka zura ƙafar ka ɗaure ta da noti. An ce ƙasar Namtari in ta sha ruwa ko sawun mutum nutsewa yake yi, don haka ka ƙara zurfi, kada ka ji ƙyashin siminti. Kowace kusurwa kuma ka ba ta tokara a karkace, daga gindin ƙafa ɗaya zuwa kafaɗar ta kusa da ita. In ka gama ka jingina da ita da dukan nauyinka. In ta motsa, ba ka gama ba.

Da muka sake kafa ta, ni na zaɓi inda ƙofa za ta kalla. Na ce gabas, don duk abin da ya fuskanci alƙibla yana tare da albarka. Da yamma Manu ya zo da saƙo cewa hadarin ƙasar nan ma daga gabas yake tasowa. Na ce ya tambaye ka ko a makaranta aka koya muku cewa alƙibla tana cutarwa. Ya dawo ya ce ka ce a'a. Ban san ko iyakar abin da ka ce ke nan ba, don yaron nan in ka ba shi magana mudu ɗaya, rabi yake kaiwa ya cika da tasa. Yaro ne mai basira ƙwarai, ba a dai gane shi ba ne a gidan nan. Abin da ya biyo baya ka gani da idonka. Duk sanda iska ta taso sai ta banke ƙofar ta shiga, ta rasa ta inda za ta fita, ledar ta kumbura kamar cikin saniyar da ta faɗa gonar wake. Sau biyu ɗinkin saman ƙofa yana ɓarkewa, ina cewa ɗinkin ne na banza. Sai da limamin unguwa ya zo ganin abin da ake ta labari, ya zagaya, ya tsaya a bakin ƙofar rigarsa tana kaɗawa, ya ce, "Malam Hammadu, ai tumatir ba ya salla." Sannan na yarda aka juya ta.

Ka ba gabas ƙeyar rumfar, wato gefen da yake siriri kuma a rufe. Ƙofa ta kalli yamma, ka sa mata sakata biyu, sama da ƙasa, kada ka yarda da zif ɗin da ya zo da ita. In kana da hali ka kafa zana ko layin zogale ta gabas, kamar taku goma daga rumfar, ya riƙa karya ƙarfin iska kafin ta iso. Kada ka kafa ta a ƙarƙashin mangwaro don neman inuwa, reshe ɗaya ya isa. Sannan in za ka ƙi gaskiya, ka ƙi ta da sunanka, kada ka fake da addini. Ni na yi, kuma tun a lokacin na san ba alƙibla nake karewa ba, girmana nake karewa.

Kuskurena na uku a bazara ne. Ka tafi Ngurore ɗaurin auren abokinka, kwana biyu, ka bar saƙo a riƙa naɗe ledar gefe sama tun da hantsi, a bar raga kaɗai. Ni kuwa na leƙa na ga 'yan tsiron nan ƙanana, ganye bibbiyu, na ji tausayinsu. Na ce iska mai zafi za ta buge su. Na sauke komai na rufe ruf, yadda ake lulluɓe mai zazzaɓi. Zafin Yola a wannan lokaci ba sai na gaya maka ba. Da azahar na buɗe ƙofa, hucin da ya bugi fuskata ya fi na injin da ruwa ya ƙare masa. Duk sun kwanta kamar alayyafo a tukunya. Da ka dawo ka tsuguna a kansu ka daɗe. Na ce wa Manu ya ce maka irin ne ba shi da kyau. Ka ce ya ce mini to.

Wannan to ɗin har yau ina jin ta. A ƙasarmu rumfar leda ba don tara ɗumi ake yin ta ba, Allah Ya ba mu ɗumi har ya yi yawa. Don ta tare dukan ruwan sama da ƙwari ne. Gefe biyu su zama raga har ƙirji. In bazara ta shigo ka yafa raga mai inuwa a saman, in babu ka dama farar ƙasa da ruwa sosai ka yayyafa, ruwan farko zai wanke ta. Ban ruwa da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba. Tausayin da bai tambayi mai sani ba yana kisa kamar mugunta.

Shekara talatin na yi ina tuƙi, direba kuwa ya yarda da baƙin mai kamar yadda wanzami ya yarda da ƙaho. A damina ta biyu rufin ya fara yin ciki. Ruwa yana taruwa tsakanin baka da baka, ledar ta lotsa, ƙarfe yana kuka. Kai ka kawo dabarar gora, doguwa ɗaya a tsakiyar rufi daga farko har ƙarshe, da ginshiƙai uku suna riƙe da ita. Dabara ce mai kyau, ban kuwa aiko maka da haka ba. Abin da na yi shi ne na ce gara za ta ci gorar, na ɗebo baƙin mai na shafe ta tun daga ƙasa har sama, har inda leda ke kwance a kanta. Gara ba ta ci ba, gaskiya ne. Amma kafin wata biyu ledar ta bushe a kan layin gorar, kana taɓa ta tana marmashewa kamar busasshen ganyen kuka. Gindin da zai shiga ƙasa kaɗai za ka shafa wa mai, ko ka babbaka shi a wuta. Duk inda leda za ta taɓa ƙarfe ko gora ka naɗe shi da tsumma mai haske, don ƙarfen da ya sha rana yana cin leda ko babu mai. Ni tsofaffin zannuwan mahaifiyarku Dada na yayyaga guda biyu ban tambaye ta ba, ashe ɗaya ba tsoho ba ne. Kai ka tambaya. Ka ja ledar ta miƙe sosai ranar da rana ta ɗan yi ɗumi kuma babu iska, ka binne bakinta na ƙasa a rami ka danne. Bayan kowane ruwa ka shiga da sanda mai tsumma a kai ka tura duk inda ya taru. In ta yi datti, ruwa zalla da ƙyalle mai laushi, ban da garin sabulu, ban da tsintsiya.

Akwai wata 'yar yaga da mage ta yi da farce, ba ta kai tsawon yatsa ba. Kullum na wuce sai in ce gobe. Ranar da na zo da salatif, hannuna har kafaɗa yana shiga. Ranar da ka ga yaga ranar za ka liƙe, ciki da waje, bayan ka goge wurin ya bushe, da salatif mai faɗi irin na ledar, ba na takarda ba. Kowane sabon wata ka bi notuna da sifana, ka kankare tsatsa ka shafa fenti. Ka haƙa wa ruwa hanya ya zagaye rumfar kada ya kwanta a gindin siminti.

Wannan da zan faɗa ko a takarda ina jin nauyinsa. Shekarar da tumatir ya yi kyau har ya kai kafaɗa, fure ya fito rawaya ko'ina, sai ya riƙa zubewa ba ɗa. Na ce baki ne, don mutane sun yi ta zuwa kallo. Na rataya laya a jikin gora, na yi tofi a tankin ruwa, na hana kowa shiga. Har matar Malam Yohanna na zarga a zuciyata, don ita ta fi kowa yabawa, matar da rumfata ta taɓa yaga mata zanin gado ba ta ce uffan ba. Mijinta tsohon malamin gona ne, amma na yi sati uku ban tambaye shi ba. Da kansa ya shigo, ya kalli layar, ya tambaye ni ko na taɓa ganin ƙudan zuma a ciki. Na ce raga ta hana. Ya ɗauki 'yar sanda ya bi layi yana bubbuga zaren da tumatirin ke hawa. Ya ce, "Zuma ba ya shiga, iska ba ta shiga, to wa zai yi aikin? Kai ne zuma yanzu, Malam." Kafin sati biyu 'ya'ya suka fara ƙullawa. Kullum da hantsi, in raɓa ta bushe, ka bi layi ka girgiza su a hankali. Layar tana nan ban cire ba, amma ina bubbuga zare. Ka yi addu'a ka yi aiki. Kuma kafin zuciyarka ta nuna maka mutum, ka fara tambayar ko akwai abin da ba ka sani ba. Da na riƙe wannan darasi da ba ka Namtari yanzu.

To na iso.

Igiya shida ka ɗora a kan rufin, tsakanin baka da baka, ko wacce ta sauka gefe biyu an ɗaure ta a turke mai siminti. Su suke danne ledar kada iska ta samu wurin shiga ƙarƙashinta. Kai ka kawo su, kai kake ƙara musu ƙarfi kowace Juma'a kafin masallaci. Da su rumfar ta yi damina biyu ko gezau. Ranar Talatar nan, bayan la'asar, gabas ta yi baƙi, iska ta zo, ledar ƙeya ta ɗaga, ta cika kamar tanti, ta fizgi baka uku ta kwantar da su a kan tumatirin da saura sati ɗaya a fara tsinka. Da ruwa ya ɗauke maƙwabta suka shigo. Na bi rumfar ina ƙirga igiya, na samu huɗu. Biyun gabas babu su. Ba tsinkewa suka yi ba, kwance su aka yi. Na juyo na kalle ka a ido, karo na farko tun kana cikin zanin goyo, na ce, "Kai ba ka taɓa riƙe amanar komai ba."

A gaban liman na faɗa, da Malam Yohanna, da matarka tana riƙe da ɗanka. Ba ka ce ba kai ba ne. Ka sunkuya ka fara tsince ɗanyen tumatir daga taɓo kana zubawa a roba. Shekara talatin da ɗaya ina tara maka magana a ciki, ta farko da ta fito ita ce wannan, kuma ƙarya ce. Ranar Juma'ar da ta gabaci Talatar nan ina ganinka ta taga kana jan igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, duk shida, har kana taka turke da ƙafa. Na sani lokacin da nake faɗa. Mutane ne suka cika gidan, kunyar asara ta kama ni, na nemi inda zan ajiye ta, na ajiye a kan wanda na san ba zai mayar mini ba.

Igiya ka nemi mai faɗi wadda ba za ta yanki leda ba. A bakin turke ka haɗa ta da robar cikin taya, ta riƙa bayarwa tana dawowa in iska ta ja. Kada ka ce na duba ranar Juma'a. Duk sanda ka ga gabas ta haɗe rai, ka ajiye abin da ke hannunka ka je ka ƙirga su da yatsa.

Ga takwarana nan yana rarrafe, shi ma ɗan fari ne. Ban ce ka bar al'adar kakanninka ba. Amma kunyar da ta hana mutum yabo ba ta hana shi zagi ba, ba kunya ba ce. In za ka riƙe ta, ka riƙe ta har a ranar fushi. In kuwa ba za ka iya ba, to ka fara fasa ta da alheri, tun yana ƙarami, kada ranar farko da zai ga cikin idonka ta zama irin taka.

Allah Ya yi maka albarka, Abubakar. Ya sa ƙasar Namtari ta yi maka biyayya, Ya kawar da iska daga rufinka, Ya kawar da tsutsa daga ganyenka, Ya raya maka ɗanka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ka yafe wa tsoho.

Mahaifinka,
Hammadu

Hamma Buba, yayana, tsaya, kada ka naɗe takardar.

Baaba bai rubuta wannan ba. Ka san ajami yake yi, kuma ko an ɗora masa wuƙa a wuya ba zai sa sunanka a takarda ba. Ni ne Manu. Allo kaɗai na sani, bokon nan a waya na tsince shi, in ka ga harafi ya karkace ka tokare shi da kanka. Rawanin Baaba na ara, don na san da sunana ka gani a sama, da Adda Aisatu ta hura wutar shayi da ita tun ba ka kai layi na biyu ba.

Duk kurakuran nan gaskiya ne, ai ni na yi ta dakon maganganun. Maganar taga ma gaskiya ce, Dada ya gaya wa, ita ta gaya mini. Wurin da aka ce ina da basira ne kawai na ƙara.

Hamma, ni na kwance igiyoyin. Ranar Lahadi ce. Sadiku abokina ya samu sabon keke mai ƙafa uku, ya ishe mu da cika baki wai ko tudu ba ya saninsa. Na shigo gida na ɗauki biyun gabas don su suka fi kusa da katanga. Yana cin abinci a bakin titi na ɗaure keken ta baya a gindin darbejiya. Ya hau ya murza, keke yana kuka yana tsaye, muka yi dariya har muka zauna a ƙasa. Ɗaya ta tsinke. Ɗayar na cusa ta ƙarƙashin katifa, na ce sai na samo 'yar'uwarta in mayar da su tare kada ka gane. Litinin ta wuce. Talata ina tsaye a bayan Malam Yohanna lokacin da Baaba ya faɗi abin da ya faɗa. Bakin nan nawa da ko a wurin zaman makoki sai an harare shi, ranar ya rufu. Na bar ka kana tsintar tumatir. Na taya ka ɗora katifa a mota, har na yi maka ba'a a kan tukwane, ban faɗa ba.

Jiya bayan azahar na gaya wa Baaba. Yana zaune a inuwar zaure yana miƙar da ƙarfe ɗaya da ya lanƙwashe, na ajiye igiyar a gabansa na faɗi komai. Ya ci gaba da miƙar da ƙarfen. Bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Kafin magariba ya kira ni ya ce in nemo keke ranar Asabar da safe, wai yana son ya ga ƙasar Namtarin nan da ake cewa tana da laushi. Na tsaya a bakin ƙofa yadda na saba, na ce in ce wa wancan me.

Ya ce, "Ba ka da saƙo. Ni zan je."

Don haka ranar Asabar ka shimfiɗa tabarma a inuwa, kada ka tafi ko'ina. Ban san ko zai iya buɗe baki ba. In ka ga yana kallon ƙarafunan rumfa yana magana, da kai yake. Kada ka waiwaya nemana, ina can wajen keke ba zan matso ba. Abin da za ka yi mini kuma ka bari sai ya shiga salla, zan tsaya, ba zan gudu ba.

Allah Ya kai mu Asabar lafiya, Ya tsare hanya, Ya tsare ku.

Ƙaninka,
Manu